Zarton Baba mai siririn baki

Shekarar da ruwa ya shiga unguwarmu New Bell a Duwala har ya ɗauke tabarmin masallacin layinmu, kafin a haifi ƙanina Sani, a lokacin Baba ya fara yin jita. Mu Hausawa ba ma kaɗa ta. Masu kiɗan makosa ne ke zuwa daga unguwar Nkololoun, su zauna a ƙofar gida suna jiran ya gama.

Zartuna biyar yake da su, amma guda ɗaya ba ya kwana a shago. Siriri ne kamar ganyen rake. Da shi kaɗai yake tsaga katakon wuyan jita, inda ake kafa ƙananan wayoyin nan da yatsa ke dannawa. Kakata Iya ke ajiye shi a rufin madafa, naɗe cikin tsumma mai manja, don damshin Duwala ba ya barin ƙarfe.

Da magariba, idan ta ɗora tukunya, mukan kewaye murhu. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ya koma bayan uwarsa."

Wai wani mai sassaƙa ne ya tafi aron haƙora. Ya je wurin kada, kadan ya ba shi nasa. Suka ci katako nan take, amma tsagar ta yi faɗi, waya ta faɗo, jita ta yi kukan kwaɗo. Ɓera ya ba shi nasa, suka yi cin karkace. Yana komawa gida ciyawa ta yanke shi a yatsa, bai ma ji ba sai da ya ga jini. Ita ya roƙa.

"Iya, ciyawa tana da haƙori?" in ji ni.

"Ke da bakinki ya fi na kada faɗi, ina za ki gan shi?"

Da na girma Baba ya nuna mini. Kowane zarto haƙoransa a bankare suke, ɗaya dama ɗaya hagu. Nasa kuwa shi ya daddanne su, ya goge a dutse, har tsagarsa ta yi daidai da gindin waya. Ya ce tsagar da ta matse ana ƙara ta, wadda ta yi faɗi kuwa sai wuta.

Da ya rasu, ni na ci gaba da shafa manjan. Ban je lakwal na yi boko ba, amma tsatsa ba ta taɓa ganin zarton nan ba.

Bara Papa Ekwala, ɗaya daga cikin masu makosan nan, ya zo yana dogara sanda. Jitarsa ce ta ƙarshe da Baba ya yi, katakon wuyanta ya cinye. Ya samo kafinta a Kassalafam, zarton kawai ya rage. Ya ce yana so ya kaɗa ta sau ɗaya kafin Allah ya kira shi. Na ce ya aiko ranar Asabar.

Ranar Juma'a jikana Bashir, mai aiki a Bassa, ya shigo yana murmushi.

"Amarya, na kawo miki kado, kyauta ce daga gare ni. Ba za a kai zarton nan waje da dakusassun haƙora a yi mana dariya ba. Na kai an wasa."

Na shafa da yatsa. Ɗaya dama, ɗaya hagu. Mai wasan ya yi aikinsa tsakani da Allah, kamar yadda yake yi wa kowane zarto.

"Ya yi kyau, maigida," na ce. Me zan ce masa?

Kafintan ya gwada a guntun katako, waya ta faɗo ƙasa. Ya ce in aka mayar da haƙoran za su karye.

Ina yarinya na ɗauka Iya kada take tsorata mu da shi. Ashe wanda ke son ka ma yana iya ba ka aron haƙora.

Cikin waɗanda suka ji jitar Baba tana sabuwa, saura ni, da maƙwabciyarmu Ladi da kunnenta ya toshe, da Papa Ekwala. Shi, ko da kafintan ya gaya masa, har yanzu yana aikowa ya tambayi zarto.