Bandejin da na ɗaga da hannuna

Ni ban san biro ba, faɗa nake ana rubutawa. In na yi shiru kuka ne, a jira ni.

Maigidana masunci ne a Wara. Farfelar injin jirgi ta sare shi a ƙwauri, aka kai shi asibiti a Yelwa, aka ɗinke, aka naɗe da bandeji fari fat. Nas ta ce min, "Inna, kada kowa ya taɓa wajen nan sai mu." Na ce to.

Amma a wurinmu in an zo dubiya, sai an ga ciwo da ido an tofa masa addu'a. Abokansa masunta suka riƙa zuwa daga bakin ruwa, hannu da ƙarnin kifi. Ni ce ke ɗaga musu bandejin, don kunyar hana su nake ji. Wani har ya danna gefen da yatsa, ya ji ko ya yi ruwa. In na ji takun nas sai in mayar, in rufe da zane. Kwana biyar ƙafar ta kumbura ta fara wari, zazzaɓi ya rufe shi. Bai koma Wara da rai ba. Kwanansa ne ya ƙare, na sani, amma hannuna ne ya ɗaga bandejin.

Bara aka yi wa autata tiyata a asibiti wajen haihuwa. Na ja tabarma bakin ƙofar ɗakin, da buta da sabulu da roba. Duk mai shiga sai ya wanke hannu ina kallo.

Goggonta, yayar marigayi, ta wanke tana gunaguni, ta nufi gado za ta yaye zane.

Na ce, "Yaya, tsaya nan."

"Ke matar ƙanena, yaushe aka ba ki farar riga? Tofi kawai zan yi wa ɗiyata."

"Yi daga inda kike. Allah na ji daga nan."

"Ni za ki hana?"

"Lokacin ƙanenki ban hana kowa ba, Yaya. Ina yake yau?"

Ta ja da baya. Sannan ta ɗaga hannu ta yi addu'a daga ƙafar gado, muka shafa muna kuka mu biyu. Kafin la'asar ita ce ta karɓe butar tana tsare masu shigowa, har ta fi ni tsawa.

Ranar da aka cire zare, ɗinkin ya bushe ƙayau. Da ƙafarta ɗiyata ta shiga motar Wara, ni ina rungume da jaririn.