Babban Yatsan Magini

Yau bakina ya ƙi rufuwa. Autarmu ta samu aikin asibiti, na rako ta ofishin katin ɗan ƙasa. Ni da firamare ma da kyar na gama!

A gabanmu akwai wani dattijo, ga alama magini ne, don siminti ya cinye masa hannu. Ya aske gemu tas, sai shafa haɓar yake. Yana gaya wa ma'aikaciyar ofishin cewa sabuwar lambar kati yake so, wai tsohuwar ta ɓaci da bashi, banki ya hana shi rancen injin bulo.

"Baba, ɗora babban yatsa," in ji ta.

Yana ɗorawa sai ga tsohon hotonsa a kwamfuta, gemu har ƙirji.

"Lamba ɗaya ce har mutuwa, Baba. Banki za ka je ku daidaita."

Ya zuba wa yatsan ido. "Shekara talatin siminti na cin ka, amma sai da ka tona ni."

Ya tashi ya tura wa autarmu kujera. "Zauna, 'yata. Taki sabuwa ce, ki riƙe ta da kyau."