Kano ta Hanyar Abuja

Ranar da aka bugo waya daga Kano cewa jikin Kawu ya yi tsanani kuma yana kiran sunan Dada, ni na hana ta shiga mota. Dada mahaifiyata ce, Kawu kuma ƙanenta ne, shi kaɗai ne namijin da ya rage a ɗakinsu. Ƙanwarta ta ce su yi sammako su kama motar farko a tasha. Ni kuwa, da yake na fara aikin ofis har ina rataya katin shaida a wuya, na ce uwata ta wuce zaman awa shida a mota. Jirgi za ta hau.

Kamfanin jirgin yana da ofis a cikin gari, da taswira a bango mai layuka ja, daga Gombe zuwa ko'ina. In ka tsaya gabanta sai ka ɗauka nan ne cibiyar duniya. Na tambayi mai sayar da tikiti ko akwai na Kano gobe.

"Akwai, Yallaɓai. Dairek ne, amma za a ɗan taɓa Abuja."

Na gyaɗa kai irin na wanda ya saba. Ban tambaye ta jirage nawa suke da su ba. Daga baya na gano uku ne: ɗaya yana wurin gyara, ɗaya a jikin kalandarsu yake zaune, na ukun shi ke yi wa Arewa duka hidima.

Washegari ƙanwar Dada ta bar unguwar Jekadafari bayan asuba. Ni da Dada kuma muka yi wanka a tsanake, muka nufi filin jirgi na Lawanti. Jirgin ƙarfe tara ya iso sha ɗaya da rabi, aka ba mu haƙuri da Turanci mai daɗi.

Da muka tashi, Dada ta daɗe tana leƙen taga, sannan ta taɓo ni.

"Kai, wannan direban ya san hanya kuwa? Kano ba nan take ba."

Na yi mata bayanin yadda harkar jiragen sama take, a hankali, yadda ake yi wa wanda bai je makaranta ba. Har yau in na tuna muryata a lokacin, kunya ce ke rufe ni.

A Abuja aka sauke mu, aka ce mu jira jirgin Kano. Jirgin Kanon shi ne dai wanda muka sauka daga cikinsa, sai dai zai je Yola tukuna ya dawo. Muna kallo ta gilashi ya tafi. Muka yi azahar a nan. Ƙanwar Dada ta kira ta ce ta isa asibiti, Kawu ya gane ta, ya tambaya ina Yaya. Dada ta ce a faɗa masa tana hanya.

Bayan la'asar wayar ta sake ƙara. Dada ta saurara, ta yi salati a hankali, ta ce to, kada a jira, a kai shi kafin magariba. Ta kashe wayar ta ajiye a cinya.

Na miƙe a fusace zan je wurin ma'aikatan, ban ma san me zan ce musu ba. Ta riƙo bakin rigata.

"Zauna, ɗan nan," ta ce. "Yanzu kuma saurin me muke yi?"