Na fita gudun safe, mutane suka tsere

Jama'a, yau na kori mutane ban sani ba.

Kun san lokotoro ya ce in riƙa gudu saboda hawan jini. Da safe na bi bakin tsohon kanal ɗin nan na gonakin shinkafa, wanda aka haƙa tun zamanin kakanninmu. Hanya ce miƙaƙƙiya, ba tudu ba gangare.

Tun da sojoji suka rufe gadar kan iyaka, masu zuwa daga Benin a jirgin ruwa suke ƙetarowa, su biyo ta nan a ƙafa. Na ci karo da wasu ɗauke da kaya a ka. Suna ganina a guje, wani ya ce, "Soja!" Kowa ya juya ya zura.

Ni kuma na zaci da gaske sojan ne a bayana. Na ƙara wuta. Su ma suka ƙara. Takalma suka watse, buhun garin rogon wani ya faɗa cikin kanal.

Sai da wata tsohuwa ta zauna daɓas a ƙasa tana haki muka tsaya. Ta ce, "Ɗana, su nawa ne?"

Na ce, "Su wa, inna?"

"Masu korarka."

Na waiwaya. Ba kowa sai balbelu. Na ce ni motsa jiki nake yi.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta nuna kwandon doyarta ta ce, "Tunda ƙarfin ya yi maka yawa, ɗauki."

Har tashar Gaya na kai mata. Wuyana ba ya juyawa.