Gawar da Ta Gaida Surukinta

In ka je makarantar mishan da ke bayan Funtuwa ka tambayi Sulemanu kuku, sai a ce maka, "Wanne? Gawa?"

Sunan ya samo asali ne a kakar 1965. Wani malami Bature ya ara wa 'yan ajin ƙarshe kyamara da fim na minti uku kacal, in ya ƙare ya ƙare. Obioma, ɗan wani mai kantin yadi, haifaffen Funtuwa wanda Hausarsa ta fi tawa, shi ya tsara farkon labarin: a tsinci mutum kwance cikin gonar auduga, ba a san wanda ya kashe shi ba. Ɗalibai duk suka ƙi kwanciya, wai ba a wasa da mutuwa. Sulemanu ya yarda, aka shafa masa jinin akuya.

"Baba Sule, ko me ka ji, kada ka motsa," in ji Obioma.

Ana tsakiyar ɗauka sai ga Malam Jibo, surukin Sulemanu, bisa jaki. Ya hango ƙafafun da ya sani, ya ce, "Sulemanu, lafiya?" Gawa ta miƙe zumbur, ta durƙusa, ta kwashi gaisuwa har da tambayar mutan gida. Kafin a kai kan amfanin gona fim ya ƙare. Obioma ya zauna cikin auduga yana share hawaye.

Shekara ta zagayo, aka shiga kashe-kashen 'yan kudu na 1966. An ƙone kantin yadi, ba wanda ya san inda iyayen Obioma suke. Da hantsi Obioma ya faɗo madafa wurin Sulemanu. Tashar jirgi mil bakwai ce, hanya kuma cike da masu sanduna da adduna.

Sulemanu ya naɗe shi cikin farin zanen gado da tabarma, ya ɗora a keken shanu. Ya ce wa matarsa Liatu ta zauna gefe ta yi kuka. Ba sai da aka koya mata ba.

Sau uku aka tare su.

"Me ka ɗauko?"

"Ɗan ƙanena ne, za mu kai shi gida."

A tsayawa ta uku wani ya zunguri tabarmar da sanda. Wani dattijo cikinsu ya ce a bari, ba a buɗe gawa a kan hanya. Har gaisuwar mutuwa suka yi musu.

Obioma ya shiga jirgi. Shekara uku ke nan, can ƙasarsu ana yaƙi, ko wasiƙa babu. Fim ɗin na cikin gwangwaninsa a akwatin Sulemanu, ba a wanke ba.

Shekaranjiya na sami Sulemanu yana tsince shinkafa, na ce, "Gawa, ina surukin? An gaisa yau?"

Bai ɗago kai ba. "Ni ai ban iya ba, Malam. Yaron nan ne ya iya. Mil bakwai, ga sanda a haƙarƙari, bai ko yi tari ba."