Bitamin Eh

Shekarun baya, lokacin da mahaifina ya rasu, mahaifiyata ta daina cin abinci. Har ta fita takaba ba ta koma ba. Tuwo a'a, kifi a'a, gyaɗar da suka saba ɓarewa tare da shi da la'asar ma ba ta son ganinta. Koko kawai take kurɓa. Zane ya soma kwance mata a ƙugu, ni kuwa tsoro ya kama ni sosai, kada mu binne ta ita ma.

Ina makarantar koyon jinya a lokacin, kaina cike da sabon karatu, bakina ba ya gajiya. Na biya Yelwa na sayo magungunan ƙarin kuzari, na hau mota sai gidanmu a Wara.

Inna ta ɗaga wata ƙwaya mai kama da ɗigon man gyaɗa, ta duba ta a hasken rana.

"Wanga kuma mi ne sunanshi?"

Na ce bitamin E.

"Eh?" Ta harare ni. "To ki kawo mini na a'a, shi nika sha."

Tun rasuwar ban ji ta yi ba'a ba sai ranar. Nan na samu ƙofa, na gyara zama kamar wata babbar malama. Na ce wannan cikin maiƙon jiki yake zama, gadi ne aikinsa. Yadda iska ke lalata man da aka bari a buɗe, haka wasu abubuwa ke cin jikin mutum a hankali. In sun taso, shi ke tarar su ya karɓi dukan, jiki ya tsira.

Ta kalli ƙofar ɗakin Baba.

"Ashe irin ubanku na."

Gaskiya ta faɗa. Mahaifina tuƙin kwalekwale yake yi, kuma bai iya cewa a'a ba. Ko yanzu ya dawo daga ƙetaren kogi, in aka zo da mai naƙuda ko mai gawa, zai sake tura jirgi ruwa.

"In ya gaji hwa?" in ji ta. "Wa ka tada shi?"

Na ce akwai wani bitamin a lemo da gwaiba, shi ke farfaɗo da shi ya koma bakin aiki.

"To ni ce lemon," ta ce, tana dariya hawaye na zuba. Ni ma malamar sai na ɓige da kuka.

Da muka share ido, na faɗa mata cewa hanji ba ya jan bitamin E ɗin sosai sai da abinci mai maiƙo, kuma asalin gidansa ma gyaɗa ce da manta. Ta daɗe tana juya ƙwayar a tafin hannu, sannan ta ce in ɗauko kwaryar gyaɗa a ɗakin Baba. Muka zauna a tabarmarsu muna ɓarewa. Ta ci 'yar kaɗan, washegari ta ci tuwo da miyar kifi.

Yau ina aiki a asibiti, na san ba ƙwayar ce ta tashe ta ba, kwalbar ma ba ta shanye ba. Amma ina son wannan bitamin fiye da duk 'yan uwansa, ba na kuma ɓoyewa.

Na gado halin Baba, kowa ya ce in riƙe masa aiki sai in ce to. Inna ta sani. Duk sanda ta ji muryata a waya ta yi sanyi, ba ta tambayar me ya faru. Cewa take yi, "Ɗiyar Eh, taho gida. Lemonki na nan da rai."