Hannun da Ba Modu Ya Sa Mini

Ina cikin ɗakin magani na asibitin da nake aiki, jim kaɗan bayan azahar ranar Talata, Malam Yakubu abokin aikinmu ya shigo ya tsaya. Da na ɗago kai ya ce, "Hajiya Hadiza, sai haƙuri. Ba Modu ya rasu ɗazu a gidansa na Bulumkutu, da la'asar za a kai shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye kwalbar da ke hannuna na nemi wuri na zauna.

Ba Modu yana cikin mutanen farko da suka karanci harhaɗa magunguna a garin nan. A shagonsa na kusa da Kasuwar Kwastam na yi shekarar koyon aiki bayan na gama jami'a, wajen ƙarshen shekarun saba'in. Mutum ne dogo, mai magana a hankali, Hausarsa da ɗanɗanon Barbarci. Duk wanda ya shigo, ko aspirin ya zo saya, sai ya tare shi da gaisuwarsu ta "Wushe, wushe," ya tambayi mutanen gida. Amma a kan aiki ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Komai aka miƙa masa, kwali ne ko takarda, ranar ƙarewarsa yake fara nema. Har tsokanarsa muke yi cewa ko katin ɗaurin aure aka ba shi sai ya juya bayansa. Yakan ce mini, "'Yata, abin da kika karanta sau ɗaya ba ki karanta shi ba." Wata rana na ɗaure wa wata tsohuwa magani daidai, amma ban yi mata bayani ba. Ya bi ta har bakin titi ya dawo da ita, ya sa na yi mata bayanin sau biyu, sannan ya ce, "Maganin da mai shi bai san yadda zai sha ba, bai fita daga shago ba tukuna."

Shekaru da yawa shi ne sakataren ƙungiyarmu ta masu harhaɗa magunguna a jiha. Shi ke rubuta wasiƙu, shi ke zagayawa a tsohuwar fijonsa yana tuna wa mutane ranar taro. Kowa ya san in kujerar shugaba ta faɗi tasa ce, shi ma bai ɓoye cewa yana son ta ba. Ni kuwa a lokacin jinina yana tafasa. Ina ganin masu tallar magani a faranti suna gasa ƙwayoyi a rana a kowace tasha, ina ganin dattawanmu sun cika lallashi. Da kujerar ta faɗi, matasa suka ce in fito takara, na fito. Na tsaya takara da mutumin da ya koya mini riƙon cokalin ƙirga ƙwaya, kuma ko sallama ban je na yi masa a kai ba.

Dokar ƙungiya ita ce duk ɗan takara sai mutum biyu masu lasisi mai rai sun sa masa hannu a fom. Na samu nawa na miƙa, hankalina kwance. Ranar da za a rufe karɓa, da hantsi, sai ga fijon Ba Modu a ƙofar asibiti. Ya shigo da fom ɗina a hannu, don ta teburin sakatare yake bi kafin ya isa ga kwamitin zaɓe.

"Hadiza, sau nawa kika karanta wannan?"

"Sau ɗaya, Baba."

"Ai na gani. Lasisin mutuminki na biyu ya ƙare tun watan jiya, bai sabunta ba, kuma ya tafi Legas. Kwamiti na gani za su cire ki."

Kunya ta rufe ni. Da ya bar takardar ta wuce yadda take, babu mai cewa ya yi laifi, kuma da ya hau kujerar ba hamayya. Ya zaro biro daga aljihun gaba, ya soke sunan wancan, ya rubuta nasa da lambar lasisinsa, ya sa hannu.

"Baba, da kai fa nake takara."

"Na sani. Na duba dokar sau biyu, ba ta hana ba. In za ki faɗi, mutane su kayar da ke, ba takarda ba."

Na ji daga baya magoya bayansa sun yi masa ca, wasu har suka daina gaishe shi na ɗan lokaci. Aka yi zaɓe a wani zaure a GRA, na ci da ƙuri'u kaɗan. Bai sake tsayawa ba har ya bar duniya. Ya ci gaba da aikinsa na sakatare a ƙarƙashina shekara biyu, yana gyara mini wasiƙu da jan biro, kuma a gaban jama'a bai taɓa kira na da wani suna ba sai Shugaba. Ni kuwa nauyin abin ya hana ni yi masa godiya yadda ta kamata. Kullum cewa nake sai na samu lokaci na je gida na zauna da shi. Wannan sakacin yana ci mini rai, kuma zai daɗe yana ci.

Ranar sadakar uku na je gaisuwa. Ya Falmata, matarsa, ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce Hadizarsa. Kin san tun kafin zaɓen nan naku ya ba da ɗinkin babbar riga, fara, wai ta ranar rantsar da shi? Da aka kawo ta bayan ya faɗi na ce a ajiye sai Sallah. Ya ce a'a, don rantsuwa aka ɗinka ta, kuma za a yi rantsuwa." Sai a lokacin na tuna rigar. Ita ce a jikinsa da ya zauna a layin gaba ranar da aka rantsar da ni, har na ce masa, "Baba, yau ka yi kyau," ya yi dariya ya ce na gode.

Ya Allah, ga bawanKa Modu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka haskaka kabarinsa, Ka sauƙaƙa masa tambaya. Ka ba Ya Falmata da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, Ka zama gatansu. Abin da ya so a duniya ya bar mini, Ka musanya masa da wanda ya fi shi, Ka tufatar da shi da tufafin Aljanna. Godiyar da na kasa yi masa yana raye, ya Ubangiji, Ka isar masa da ita. Amin.